Maballin da Auta Ta Cire

Ina neman afuwarku tun kafin ku fara. Ban taɓa rubuta labari na nuna wa kowa ba, karatu kawai na iya, shi ma a lungu. Wannan ɗin na goge shi na sake har na gaji, kuma har yanzu gabana faɗuwa yake. In kun ga kuskure ku rufa min asiri. In ya gundure ku ku ajiye, wallahi ba zan ji haushi ba.

*

"Wai me ya sami maballin nan ne?"

Wani saurayi ne a kujerar gaba ya faɗa, yana danna hannun gem kamar zai fasa shi.

Ranar gwaji ce. Kamfanin ya gayyato baƙi daga waje, an zaunar da su gaban kwamfutoci domin su buga sabon wasan kafin a sake shi. Ma'aikata kuma suna tsaye a bayan gilashi mai duhu, suna ganin baƙin, baƙin ba sa ganinsu. Auta, wadda ke rubuta labarin wasan, tana can ƙarshen layi ta rungume hannuwa.

Abu ɗaya ne a allon kowa. Yarinya mai fitila tsaye a bakin karyayyar gada, mai gyaran gada durƙushe yana ɗaure igiya. Wasan ya tsaya cak. Ba gudu, ba tsalle, ba faɗa. Yarinyar ce kawai ke magana.

Da muryar Auta.

"Tun ranar da ka fara ɗago kai ka dube ni, na rasa inda zan ajiye idona..."

Innalillahi!

Wannan kwafin ba na gwaji ba ne. Wannan kwafin ba na kowa ba ne, sai mutum ɗaya!

"In ka yi fushi da ni, har gida nake tafiya da fushin. In ka yaba min, sai in rasa hanyar kujerata..."

Muryar na fita ta lasifikar ɗakin, tana rawa, har jan numfashinta ana ji. Baƙi suka yi ta danna maballin tsallakewa, maballi ya ce bai san zancen ba. Wata ta cire abin kunne ta koma duba farce. Wani ya jingina ya saki hamma.

"Malam, ka amsa mata mana mu wuce!" in ji saurayin nan.

Ɗakin gwaji ya ɗauki dariya.

Sai mai gyaran gada ya ɗago kai.

Auta ta dafe bango. Ba fuskar da aka saba gani ba ce. Tabarau mai ɗaure da salatif a ƙafa ɗaya, ɗan tabo a girar hagu... Ko makaho ya shafa zai ce Gwani ne, mai tsara yadda ake buga wasan, wanda ke tsaye a gabanta yanzu ya ba ta baya.

Mutum ɗaya ce ke zana fuskoki a kamfanin. Auta ta juya a hankali. Mai-zane tana jingine da ƙofa, wayarta a ɗage, tana murmushi.

"Ayya, ƙawata," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ashe haka kika iya magana?"

Kawuna suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya toshe baki. Manaja ya cire hula ya share gumi.

Yarinyar allon kuwa ba ta da niyyar yin shiru.

*

Tun zuwan Auta kamfanin, ita da Gwani ba su taɓa shan inuwa ɗaya a kan aiki ba.

Takan kawo shafuka cike da zance, shi kuma ya gyara tabarau ya bi su da jan biro.

"To, Marubuciya, duk tsawon maganar nan me hannun ɗan wasa ke yi?"

"Zu... zuciyarsa ce ke aiki."

"Ba don ya naɗe hannu ya zo ba. In kallo yake so ai akwai talabijin a gidansu."

"Amma in bai san dalilin da ya sa yarinya mai fitila take neman ƙaninta ba, me zai sa ya damu da tsallen?"

"In tsallen ya yi daɗi, ko kaza ake nema zai damu."

Ranar da ya faɗi haka, har Manaja sai da ya ƙware don dariya.

Dokar Gwani ɗaya ce, kuma kowa ya haddace ta: duk inda wasa ya tsaya ana zance, dole a sa maballin tsallakewa. Shi kansa bai taɓa sauraron zancen wani wasa har ƙarshe ba. Da an buɗe baki, ɗan yatsansa ya sauka. Ita kuwa Auta akwai abin da take ɓoyewa: ba ta iya gem ba. Ko an miƙa mata hannun gem sai ta ce kanta ke ciwo.

To ta yaya zuciya ta kamu? Ita ma ba ta sani ba.

Wataƙila ranar da harshenta ya sarƙe a taro, wasu suka fara ƙus-ƙus, ya buga tebur ya ce, "Ku bari ta gama." Wataƙila ranar da ta tarar an janye teburinta daga ƙarƙashin na'urar sanyi, bayan ta yi mako tana mura, kuma ba wanda ya ce shi ne. Ko ranar da ya kashe mata shafi guda da jan biro, ya bar layi ɗaya tal, ya ce, "Wannan ko Manaja zai kore ni ba zan taɓa shi ba."

A takarda Auta zakanya ce. A gabansa kuwa ko "ina kwana" sai ta rabu gida biyu.

Shi ya sa shaiɗan ya kawo mata dabara.

A aikinsu, kafin a kira masu sa murya, marubuci ne ke karanta maganganun wasa da muryarsa, na wucin gadi. Kuma Gwani yana da al'ada, duk sabon kwafi shi ke fara buga shi shi kaɗai, da abin kunne. Sai ta rubuta duk abin da ke cinta ta sa a bakin yarinya mai fitila, ta kulle kanta a ɗakin ɗaukar murya ta karanta. Da ta gama sai ta tuna ɗan yatsan nan nasa.

Zai tsallake. Tun kalmar farko zai tsallake!

Ta daɗe tana kallon allo. Sannan ta cire maballin.

Nufinta ta ajiye kwafin a ma'ajiyarsa ta kansa. Amma hannu ya riga ya saba, ga rawar jiki, sai ta jefa shi babbar ma'ajiya ta kowa da kowa, inda kwafin da ya shiga ƙarshe shi ake ɗauka ranar gwaji. Mai-zane ce ke buɗe kowane sabon kwafi ta duba hotuna. Ta gani, ta ji, ta yi gum. Ita ma ta daɗe tana kawo wa Gwani shayi ba a aike ta ba. Sai kawai ta sake wa mai gyaran gada fuska, don kada wani ya yi wahalar tambaya.

*

Da aka sallami baƙi, aka koma ofis.

"Wa ya cire maballin?"

Gwani ne. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ni... ni ce."

Sai a lokacin ya juyo. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kin san abin da kika yi? Kin ɗaure wa mutane hannu. Sun zo wasa, kin mayar da su fursunoni."

"Ba su na..."

"Ba a tilasta wa mutum ya saurara, Marubuciya! Ko da maganar zinariya ce!"

Kalmar ta sauka a ƙirjinta kamar dutse.

Shi ke nan. Ga amsarta, a gaban kowa.

"Haba, Gwani, a yi mata uzuri," in ji Mai-zane, tana dafa kafaɗarsa. "So ne fa. Ka san masu karatun littafi, komai sai sun yi masa dogon bayani."

Wasu suka yi 'yar dariya, suka haɗiye.

Manaja ya yi gyaran murya. "Gwajin yau dai ya lalace. Auta, ki je gida ki huta, ma yi magana."

Ba ta san yadda ta ɗauki jakarta ba. Ta dai san ta yi karo da kwandon shara, takardu suka watse, ta durƙusa tana tsincewa hawaye na ɗiga a kai, kuma ba wanda ya ce mata ta bari. A matattakala ta ji kamar ana kiran sunanta.

Ba ta waiga ba.

*

Abba, mahaifin Auta, tsohon malamin makaranta ne, falonsa littattafai ne tun daga ƙasa har rufi. Shi ya koya mata son karatu, kuma bai yarda da aikin nan ba sai da ta rantse masa rubutu kawai za ta yi. A wurinsa gem wata cuta ce da aka ƙirƙiro don a raba yara da littafi.

Washegari da hantsi ya kira ta.

Yana zaune, wayarsa a kan gwiwa, Umma a gefe ta zabga tagumi. Tun daga ƙofa Auta ta ji muryarta na fita daga wayar.

"...na rasa inda zan ajiye idona..."

Ashe bidiyon da Mai-zane ta ɗauka ya yi ƙafa. Daga ƙawa zuwa ƙawa, har ya faɗa hannun Gwaggo, ita kuma Gwaggo ba ta iya riƙe abu ba. A ciki ana ganin allon, ana jin dariyar baƙi, sannan wayar ta juyo kan Auta tana dafe da bango.

"Muryar wa ce wannan?"

Ta zube a kan gwiwa.

"Tambayarki nake."

"Tawa ce, Abba."

"Wannan mai tabarau fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Rubutun da kika ce min za ki yi ke nan? 'Yata, wadda ko baƙo ya yi sallama take shigewa ɗaki, ita ce ke roƙon namiji duniya na kallo? Namijin ma wanda sana'arsa danne-danne?"

"Abban Auta, a bi ta a hankali..." in ji Umma.

"A hankalin ne ya kawo mu nan!" Ya kife wayar. Muryarsa ta sauko, kuma saukowar ta fi ciwo. "Shi me ya ce?"



"Ya ce... ba a tilasta wa mutum ya saurara."

Abba ya rufe ido.

"Ba za ki koma ba."

"To, Abba."

Ko musu ba ta yi ba. Da wace fuska za ta koma?

Kwanakin da suka biyo baya a ɗaki ta yi su. Ta kashe waya ta tura ƙarƙashin katifa. Ko littafi ta buɗe, da ta kai inda wata ke son wani sai ta rufe da sauri, kamar an kama ta. Umma kan shigo da abinci ta zauna a bakin gado.

"Ke kuwa Auta, duk samarin duniya sai mai karyayyen tabarau? Ko sabo ba zai saya ba?"

"Umma, don Allah..."

"To na yi shiru. Amma dai muryar ta yi daɗi, wannan kam ba ƙarya."

"Umma!"

Sau ɗaya ta kunna wayar, sai ga kiran Mai-zane kamar tana jira.

"Ƙawata, ya jiki? Kada ki damu, an goge wurin gadar nan daga wasan gaba ɗaya. Ni da Gwani muke sake shi, kullum muna tare har a tashi. Ya ce ma ko sunanki ba ya so a ambata, don kada ki ƙara jin kunya. Kin ga ai yana da kirki."

Auta ta kashe wayar, ta ja bargo har ka, ta yi kuka mai isarta.

*

Ranar wata Asabar da la'asar aka yi sallama a ƙofar falo.

Auta na kicin tana wanke kofuna. Muryar ta shiga kunnenta, kofi ya suɓuce ya faɗa cikin ruwa.

Umma ta leƙo, ido waje. "Mai tabarau ne! Wallahi shi ne, har salatif ɗin!"

"Ki ce ba na nan!"

"Abbanki ya riga ya ce ki zo."

Ta shiga falo kanta a ƙasa, mayafi har goshi. Gwani na zaune a kan kafet ya tanƙwashe ƙafa, jakar kwamfuta a cinyarsa. Ya rame. Abba na kan kujera ya murtuke fuska.

"Kai ne mai gem ɗin?"

"Ni ne, Abba."

"Me ya kawo ka? Dariyar ba ta ishe ku a can ba?"

"Haƙuri na zo bayarwa. Wadda ta yaɗa bidiyon ta amsa laifinta a gaban Manaja, ta bar aikin. Amma babban laifin nawa ne. Maganar da ya kamata a ce ni na fara kawo ta gidan nan, na yi ta nauyin baki har Auta ta riga ni."

Auta ta ɗago kai da sauri.

"Ban iya magana ba, Abba. Abin da na iya ke nan." Ya dafa jakar. "In ka ba ni izini, ina so ta ga yadda na gyara wurin. A gabanka."

Abba ya miƙe.

"Bari in ɗauko tabarauna. Ba za a yi abin da ban gani ba a gidana."

Yana fita, falon ya yi musu faɗi.

"Auta."

Bai taɓa kiranta haka ba. Ta ƙara sunkuyawa.

"Na kira wayarki har na haddace muryar matar da ke cewa a kashe take."

"Ka ce... ba a tilasta wa mutum."

"Na faɗa, kuma na yi wauta da na faɗa a gaban mutane. Kin san abin da ya ƙona min rai? Maganar da aka yi don ni kaɗai, ina tsaye wasu na hamma a kanta. Sannan..." Ya cire tabarau ya murza ido. "Sannan ashe kina ganin sai an ɗaure ni zan saurare ki."

"Kai fa komai tsallakewa kake."

"Ban da ke."

Hawaye suka zubo mata.

"Na saurare shi ni kaɗai bayan kin tafi. Na mayar da maballin da hannuna, na zauna ina kallonsa, ban taɓa shi ba. Ki daina kuka, sanyin idona, Abba zai ce wani abin na sake yi."

Takun Abba ya sa suka yi tsit.

Gwani ya buɗe kwamfuta a kan ɗan tebur, ya miƙa wa Auta hannun gem da hannu biyu.

"Maganarki tana nan, na rage ta ne kawai. Amma yanzu wasan ba ya tsayawa. Gari ya yi duhu, mai gyaran gada ba ya gani sai an haska masa. Ke ce mai fitilar. In kin matso kusa, za ta faɗi kalma ɗaya, shi ma ya faɗi ɗaya. In kin ja baya, su yi shiru. In kin ga dama ki yi tafiyarki, hanya a buɗe take."

Shi ma ya faɗi ɗaya? A nata rubutun mai gyaran gada bai ce uffan ba.

Ta karɓa. Ta tura yarinyar gaba.

Tsulum! Cikin ruwa.

"Ba komai, sake."

Tsulum!

"A hankali, wannan sandar ta hagu..."

Tsulum!

"Ban iya ba," ta ce, murya kamar ta sauro. "Ban taɓa iyawa ba. Ciwon kan nan duk ƙarya ne."

"Na sani tun makon farko," in ji Gwani.

Wata sabuwar kunyar ta rufe ta.

Abba ya yi tsaki. "Kina rubuta wa abu labari ba ki san yadda ake tafiya a cikinsa ba? Yarinya sai nutsewa take kina kallo! Ba ni nan."

"Abba?!" Su biyun suka haɗa baki.

"Ba ni, na ce."

Ya karɓe hannun gem ɗin ya riƙe shi nesa da jiki kamar zai cije shi. Ya tura. Yarinyar ta yi tangal-tangal a kan katako, ta tsaya. Ya sake turawa, harshe a gefen baki. Hasken fitila ya sauka a hannun mai gyaran gada.

"Na rasa inda zan ajiye idona," in ji muryar Auta.

Mai gyaran gada ya ja igiya, bai ɗago ba.

"Ki ajiye shi a kaina. Nawa ya daɗe a kanki."

Muryar Gwani ce. A sandare, kamar mai karanta sanarwa, amma tasa ce.

Gumi ya karyo wa Gwani.

"Abba... ai... wannan wurin ba kai aka..."

"Yi min shiru, igiyar za ta kuɓuce masa."

Abba ya ƙara matsawa da fitilar.

"In ka yi fushi da ni, har gida nake tafiya da fushin."

"Ni kuma in na ɓata miki, abinci ba ya shiga. Ki yafe min, 'yar fitilata."

Daga bayan labule aka ji wani sauti kamar an shaƙe kaza. Umma ce.

"Abba, don girman Allah," in ji Gwani, ya dawo kan gwiwoyinsa, "ga maballin tsallakewa nan a ƙasa, wannan ja ɗin, in ka danna..."

"Na gan shi."

"To ka..."

"Ba zan danna ba. Ina so in ji ƙarshen zancen."

Gwani ya rufe fuska da tafin hannu. Kunnuwansa har sheƙi suke. Auta ta saci kallonsa ta ƙasan mayafi, sai ta ga ashe ba ita kaɗai ce ke neman ramin shiga ba. Wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinta ya kwance.

Katako na ƙarshe ya zauna. Mai gyaran gada ya miƙe, ya tsaya a bakin gadar.

"Ban iya zance ba, masoyiyata. Gada na iya. In kin yarda mu haye tare, ki taho. In ba ki yarda ba, gadar taki ce duk da haka."

Wasan bai tsaya ba. Ruwa na gudu, fitila na kaɗawa, yana jira.

Abba ya sauke hannun gem ɗin a kan gwiwa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Wannan takun ba nawa ba ne," ya ce.

Ya miƙa wa Auta ba tare da ya dube ta ba.

Yatsunta sun jiƙe da gumi. Gadar siririya ce, ruwan baƙi ƙirin. Ta tura sandar hagu a hankali... a hankali... Yarinyar ta karkace, Umma ta ce "Wayyo!" daga bayan labule, Gwani ya daina numfashi.

Ta miƙe. Ta taka. Ta isa gefensa.

Suka haye.



"Samari," in ji Abba.

"Na'am, Abba."

"Karatunka na zancen nan bai yi ba ko kaɗan. A nemo wanda ya iya."

"To, Abba."

"Ita kuma ta koma aikinta ranar Litinin, a koya mata tafiya a kan katako. Abin kunya ne." Ya mayar da tabarau. "Kai kuma ka gaya wa manyanka ina nan. Ba a allo ake neman 'yar mutane ba."

Umma ta yaye labule ta shigo tana dariya tana share ido. "Alhamdulillahi! Amma don Allah, ɗana, kafin su zo a canza tabaran nan."

"Yau ɗin nan, Umma!"

"To, bayan gadar fa?" Abba ya jawo kwamfutar gabansa ya ɗauki hannun gem daga kan tebur. "Ta samo ƙanin nata ko kuwa? Ina ake dannawa a yi tsalle?"

Gwani ya matso da rawar jiki. "Wannan, Abba. A'a, na ƙasan. Yawwa! Yi sauri, ƙasar za ta rufta!"

"Kada ka ruɗa ni, yaro!"

"Abban Auta, hagu! Hagu aka ce!"

Kawuna uku suka haɗu a kan allo.

Auta ta ja da baya kaɗan-kaɗan. Fuskarta zafi take kamar an kara ta a wuta, bakinta ya ƙi rufuwa, kuma ta san in wani ya juyo ya dube ta yanzu, narkewa za ta yi a wurin. Ta tattare bakin mayafi, ta taka a kan yatsu, ta ɗaga labule ba tare da zobensa ya yi ƙara ba.

Ta sulale.